Yadda Ake Shirya Hirar Rediyo da Marubuci, Malamin Jami'a ko Shugaban Masu Fasaha

Wannan jagora ce ga matasanmu na Sudan da suka samu fili a rediyon jiha, a Kasala ko Gadarif ko Sinnar ko Damazin, da kuma waɗanda ke haɗa shiri a waya suna turawa ta WhatsApp da Facebook saboda tashar garinsu ta yi shiru tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Filin Hausa a tashoshin ƙasar nan ɗan kaɗan ne, Larabci ne ke cin yini. Idan ka samu rabin awa a mako ka cika ta da gaishe-gaishe da kirarin baƙo, ka cuci manomin riɗin da ya rataye rediyonsa a reshe da matar da ke suyar ƙosai tana jira ta ji an yi magana da harshen gidansu. Kujerar da kake zaune a kai tasu ce, aron ta aka ba ka. Duk matakan da ke ƙasa daga nan suka taso.

Mataki na farko: wa za ka kira, kuma don me yanzu

Kafin ka nemi lambar kowa, ka iya faɗa wa kanka a jimla ɗaya abin da mai sauraro zai tashi da shi. "Babban mutum ne" ba dalili ba ne. "Ya tattara waƙoƙin aikin gona na matan Gadarif" dalili ne. "Ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo tana zagaya makarantun da 'yan gudun hijira suka sauka" dalili ne. Kuma kada ka tsaya ga masu digiri kawai. Tsohon da ke rubuta waƙa da ajami a zaurensa marubuci ne. Zabiya da sarkin makaɗa da mai bege da uwar biki, a wajensu fasahar unguwa take, amma sau da yawa ba a tuna da su sai an yi rasuwa.

Mataki na biyu: karatu

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan marubuci ne, ka karanta littafin. Na san uzurin da za a kawo: littafi ya yi wuyar samu, shagunan Khartum da aka saba saye sun watse, kuma yawancin abin da mutanenmu ke wallafawa da Larabci yake. To ka roƙi marubucin ya turo maka ta waya, ko ya ba ka aron kwafinsa na kwana biyu. In littafin ya yi kauri, ka karanta gabatarwa da babin farko da na ƙarshe da wani babi guda daga tsakiya, ka gaya masa gaskiyar iyakar inda ka kai. Marubuci yana gane wanda bai karanta ba tun daga tambaya ta biyu, daga nan kuma sai ya koma ba ka amsar da ya haddace.

Yayin karatun ka riƙe biro. Abubuwa uku kake farauta: wurin da ya ba ka mamaki, wurin da ba ka yarda ba, da sakin layi guda mai daɗin ji da za ka roƙe shi ya karanta da bakinsa. Ka rubuta lambar shafi. "A shafi na kaza kun ce..." tana buɗe bakin marubuci fiye da yabon minti biyar.

Akwai kuma karatun da ba na baƙo ɗaya ba ne, wanda duk mai gabatar da shirin Hausa a Sudan ya kamata ya kwana da shi. Ka san cewa bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a 1906. Ka san cewa tun kafin wannan, da kuma bayansa, hanyar hajji ta ƙasa ce ta riƙa zube mutane a garuruwan nan, wasu suka tsaya neman guzuri har suka yi jikoki. Ka san an gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka ja ma'aikata masu yawa daga cikinmu. A fagenka na rediyo kuwa, ka san an buɗe gidan rediyon Umdurman a 1940, kuma A'isha Fallatiya, wadda ta rasu a 1974, tana cikin matan farko da aka ji suna waƙa a cikinsa. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya wallafa littafi guda a 1999 kan Hausar Sudan da yadda take cuɗanya da Larabci. Da Turanci yake, amma ko wani ya taƙaita maka shi ka ƙaru. Wanda ya san waɗannan ba zai zauna yana gyaɗa kai ba idan baƙo ya haɗa shekarun da ba su haɗu ba.

Mataki na uku: gaisuwa kafin makirufo

Malamin jami'a saƙon waya ya ishe shi. Dattijon unguwa kuwa sai ka taka. Ka je da rana tsaka ba ka da na'ura a hannu, ka zauna a rakuba, wato rumfa, a kawo jabana, wato gahawa, ka sha, ka faɗi abin da ke tafe da kai. Idan mace ce mai aure ko tsohuwa a gidan 'ya'yanta, ka bi ta hannun da ya dace, in da hali ka tafi da abokiyar aiki. A wasu unguwannin sai ka fara leƙa wa umda, wato dagaci, ko sarkin Hausawa, ba don ya ba ka izinin yin aikinka ba, don kada ya ji a rediyo ya ce an tsallake shi.

A wannan zaman ne za ka tambayi abu biyu da ke hana rigima. Na ɗaya, yadda yake so a kira shi: Malam, Ustaz, Duktur, Farfesa, Shehu, Hajiya. Wanda ya sha wahalar digiri na uku ka ce masa Ustaz a iska, zai yi murmushi amma ya riƙe. Na biyu, yadda yake so a ambaci asalinsa, ko ma kada a ambata. A nan ƙasar ana tara Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a kira su da suna ɗaya, Fallata, wani bai damu ba, wani kuwa ba ya so ko kaɗan. Mutumin Mai Wurno yana iya jin Hausa sarai alhali Fulatanci ne harshen gidansu. Kada ka yanke masa.

Ka gaya masa tsawon shirin, da ranar da zai fita, da cewa za a tace. Ka ba shi batutuwan da za ku taɓa, amma kada ka ba shi tambayoyin a rubuce. In ka ba shi, zai zo da takarda ya karanta maka lacca.

Mataki na huɗu: maganar harshe

Nan ne hirar Hausa a Sudan ta bambanta da ta Kano ko Damagaram, kuma nan ne aka fi faɗuwa. Malaminmu na jami'a da Larabci ya yi karatunsa tun daga firamare, da shi yake koyarwa, da shi yake tunanin iliminsa. Hausarsa ta gida ce, ta gaisuwa da ciniki da faɗa da yara. Da ka tambaye shi bincikensa, sai ka ji: "Wato mas'alar huwiyya tana da alaƙa da tahawwulat ijtima'iyya." Shi bai yi laifi ba. Amma tsohuwar da ke saurare a ƙauye ta tsaya a "wato".

Kada ka gyara masa Hausa a iska, kunyata shi ne, kuma daga nan zai ƙara gudu zuwa Larabci. Abin da ke aiki shi ne ka sauko da shi da tambaya: "Allah ya gafarta Malam, a ce Inna ce a gida ta tambaye ku wannan, yaya za ku gaya mata?" Za ka ga ya yi dariya, ya gyara zama, ya ce, "To, ai ka ga yaron da aka haifa a Madani, kakansa ya zo da ƙafa daga Sakkwato, shi kuma bai taɓa ganin Sakkwato ba. In aka ce masa kai ɗan ina ne, me zai ce?" Wannan ita ce amsar da ka zo nema. Ta farkon ka yanke ta wajen tacewa.

Tun a zaman gaisuwa ku zauna ku fitar da manyan kalmomi biyar ko shida na fanninsa, ku yarda da yadda za a faɗe su da Hausa. Larabcin da ya riga ya zauna a bakin kowa, irin na kasuwa da mota da asibiti, ka bar shi, haka mutane ke magana, kuma shirin da aka wanke shi tas da Hausar littafi baƙo ne a kunnen mutumin Gadarif. In kuwa kana sa ran 'yan Najeriya da Nijar da mutanenmu na Makka da Jidda za su saurara ta intanet, sai ka riƙa maimaita ma'anar a taƙaice cikin tambayarka ta gaba, ba tare da ka nuna fassara kake yi ba.

Idan baƙon ba ya jin Hausa sam, amma aikinsa ya shafe mu, kada ku yi kai tsaye. Ka ɗauka da Larabci, ka bar muryarsa ta fito na 'yan daƙiƙoƙi, ka rage ta, ka ɗora fassarar a kai da wata murya dabam da taka.

Mataki na biyar: tambayoyi

A shirin rabin awa, bayan kiɗan buɗewa da gabatarwa da sanarwa, abin da zai rage maka bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Tambaya shida zuwa takwas sun isa, sauran za su fito daga bakin baƙon in kana saurare. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. In ka jero uku, zai zaɓi mai sauƙin ya bar sauran.

Ka jefar da "Ko za ku ba mu taƙaitaccen tarihinku?" Ba a taɓa taƙaita shi ba. Za a fara daga kakan kaka, a bi ta makarantar allo, kafin a iso littafin lokaci ya ƙare. Kai ne za ka faɗi tarihinsa a jimla uku a gabatarwa, sannan ka shiga da abin da ke da nama.

Ga marubuci, ka tambayi abin da ido ya gani: a ina kuka zauna kuka rubuta wannan babin, wa kuka fara karanta wa, wane wuri kuka goge kuka sake. Ka kawo wurin da ba ka yarda ba, cikin ladabi: "Ni dai da na karanta, sai na ga kamar kun tausaya wa uban fiye da 'yar. Haka ne, ko ni ne ban fahimta ba?" Ga malamin jami'a, tambayoyi biyu ba sa tsufa: "Ta yaya kuka gano haka?" da "Me wannan zai canza wa mai sauraronmu?" In ya kawo adadi, ka tambaye shi inda ya samo da shekarar da aka ƙirga.

Shugaban masu fasaha kuwa, bayani ba shi ne ƙarfinsa ba, yi ne. Ka ce ya zo da kalangunsa ko gurminsa, ko da mutum biyu daga 'yan amshinsa. Ka ce, "Baba, a ɗan taɓa mana yadda ake yi wa amarya, sannan a taɓa na manoma, mu ji bambancin." Daga nan tambayoyin za su zo da kansu: a wajen wa kuka koya, wane kiɗa ne aka daina, su wa ke koyo yanzu, me ya shigo daga kiɗan maƙwabta. Sai dai ka tuna waƙarsa sana'arsa ce. Ka ba shi kuɗin raksha, wato babur mai ƙafa uku, da na goro, ko a hannu ko ta manhajar banki ta Bankak, kuma ku yi magana a fili kan ko ya yarda a sa waƙar a intanet. Kai kuwa kada ka karɓi ko sisi daga baƙo. Ranar da ka karɓa, ka sayar da tambayarka mai wuya.

Mataki na shida: na'ura da wuri

Wayar hannu mai kyau ta isa. Ka katse mata layi kafin ka fara don kada kira ya shigo ya yanke ɗaukar, ka tabbata akwai caji da wurin ajiya, ka zo da waya ta biyu tana ɗauka a gefe. Tazarar ɗani guda tsakanin bakinsa da makirufo, a ɗan karkace don kada iskar baki ta riƙa bugawa. Ka ɗauki minti ɗaya na gwaji, ka sa abin ji a kunne ka saurara kafin ku ci gaba.

Abokan gabarka a ƙasar nan sanannu ne: fanka, janareto, raksha, da iska. Fanka ce mafi sharri, domin kunnenka ya saba da ita ba ka jin ta, na'ura kuwa tana ji. A kashe ta, ku sha zafin minti ashirin. Ɗaki mai katifa da labule da kaya ya fi ofis mai siminti tsirara, wanda ke mayar da murya kamar rijiya. Da damina ka guji rufin kwano, in kuma habub, wato guguwar ƙura, ta taso ku ɗage kawai. Ka duba lokacin sallah tun kafin ka sa awa, kada kiran sallah ya same ku a tsakiyar amsa. Idan kun gama, ku yi shiru na rabin minti na'ura tana ɗauka, za ka buƙaci wannan shirun wajen haɗa wuraren da ka yanke.

Yaƙi ya warwatsa malamanmu da marubutanmu, wasu suna Bur Sudan, wasu Alƙahira, wasu Saudiyya, wasu Kano. Hira ta waya ta zama dole. Kada ka dogara da kiran intanet, yana yankewa. Ku yi magana ta waya ɗaya, shi kuma ya ɗauki muryarsa da wata wayar a can, ya turo maka fayil ɗin. In hakan ya gagara, ka tura tambaya ɗaya ta saƙon murya, ya amsa, ka saurara, sannan ka tura ta gaba, don hirar ta riƙa bin amsoshinsa. Agogonmu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, yana bayan na Saudiyya da awa ɗaya. Ka faɗi agogon da kake nufi.

Mataki na bakwai: cikin hirar

Ka dubi baƙon, ka bar takardar. Ka daina "na'am, na'am, haka ne, ƙwarai" a kan maganarsa, ka gyaɗa kai kawai. A zaure ladabi ne, a na'ura kuwa ba ya yankuwa. In ya yi shiru bayan magana mai nauyi, ka ƙirga uku a zuci kafin ka ce komai, sau da yawa abin da ya fi daraja yana bayan wannan shirun.

Katse babba shi ne abin da ya fi yi wa matasanmu wuya, don ba a haka aka rene mu ba. Ka nemi izinin tun kafin a kunna na'ura: "Baba, lokacin rediyo gajere ne, in na ɗaga hannu ku yafe mini." Idan lokacin ya zo, ka jira ya ja numfashi, ka kama kalmarsa ta ƙarshe ka juya da ita: "Wannan maganar ta Kasala da kuka kawo, a nan nake so mu ɗan tsaya." Bai ji an katse shi ba, ya ji an saurare shi.

Mataki na takwas: abin da ba ya fita kai tsaye

Magana zarar bunu ce. Duk wanda ya ga rikicin ƙabilancin da ya ɓarke a Rusairis da Damazin a watan Yulin 2022, da Wad al-Mahi a Oktoban shekarar, ya san inda gardamar ƙasa da sarauta da "su wa suka riga zuwa" take kaiwa. Masanin tarihi yana iya faɗin abin da yake daidai a ɗakin karatu, a yanko daƙiƙa ashirin daga ciki a watsa a WhatsApp ya zama wuta. Saboda haka duk hirar da ta taɓa ƙabila, mallakar ƙasa, saɓanin ɗariƙu ko ɓangarorin yaƙin nan, a ɗauke ta tukuna, a saurara da mutum na biyu mai hankali, sannan a sa. Ban ce a guje wa batutuwan ba. Shirin da ba ya taɓa abin da ke damun mutane ba shi da amfani. Amma in baƙo ya yi wa wata al'umma kuɗin goro, ka tsayar da shi nan take ka ce ya kawo hujja, in babu, ka cire. Ka kuma kula da lafiyarsa shi kansa: kada ka faɗi unguwar da yake zaune, kuma in ya kira ka daga baya ya ce a cire wata magana don tsoron abin da za ta jawo masa, ka cire.

Mataki na tara: tacewa da ajiya

Manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta, akwai irinta a waya. Ka saurari hirar gaba ɗaya sau ɗaya ba ka taɓa komai ba, kana rubuta mintin da aka faɗi abu mai kyau. Sannan ka yanke. Abin da za ka fara zubarwa naka ne: doguwar tambayarka, dariyarka, yabonka. Kada ka ɗauko amsar wata tambaya ka liƙa wa wata, kada kuma ka yanke "amma" ɗin da ya biyo bayan magana, domin a nan ake sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba. Gabatarwa a ƙarshe ake rubuta ta, bayan ka san abin da hirar ta ƙunsa. Ka maimaita sunan baƙon a tsakiya saboda wanda ya kunna a makare.

Wanda ka tace shi ne na iska, amma ɗanyen kada ka goge shi. Ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda aka tara muryoyin shekaru fiye da tamanin, ya zama fagen daga tun ranakun farko na yaƙin, ya ɗauki kusan shekara kafin soja su karɓe shi a Maris 2024. Wannan ya isa ya hana ka ajiye komai a wuri ɗaya. Kowane fayil ka sa masa kwanan wata da sunan baƙo da garin da aka ɗauka. Kwafi ɗaya a memori, ɗaya a intanet duk ranar da ka samu layi mai ƙarfi, ɗaya kuma ka tura wa wani amintacce a wajen ƙasar. In tsoho ne ka ɗauka, ka rubuta a littafinka sunayen waƙoƙin da ya yi da na mutanen da ya ce ya koya a wajensu, sannan ka sa wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa cikakkiyar hirar a waya kafin ka bar unguwar.